Don Allah a ba ni shawara: wane rumbun sauti zan saya kafin in zubar da ɗan abin da na tara?

Ɗan Koyo:

Assalamu alaikum manyanmu da 'yan'uwa na wannan zaure. Na daɗe ina leƙowa ina karanta abin da kuke tattaunawa, ban taɓa cewa uffan ba, yau dai tura ta kai bango. Ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen.

Shekarata huɗu ina haɗa kiɗa. Da waya na soma, daga baya yayana ya canza kwamfuta ya bar mini tsohuwar. Shi so ya yi in koyi aikin ofis da ita, da ya tarar na cika ta da kayan kiɗa sai da muka yi wata biyu ko gaisuwata ba ya amsawa da kyau. Har yau in ya shigo ya same ni da abin ji a kunne sai ya girgiza kai ya fita. Na faɗi wannan ne don ku san kuɗin da nake magana a kai ba wani ne ya ba ni ba, tara su na yi kaɗan-kaɗan wajen wata goma, kuma in suka tafi a banza ba ni da bakin da zan kalle shi da shi.

Yanzu wani abokina yana shirya gajeren fim na minti 18, ya ce ni zan yi masa kiɗan. Wannan ne karo na farko da sunana zai fito a jikin wani aiki. Akwai sin uku da yake son bayolin da calo (babban ɗan'uwan bayolin mai zurfin sauti) masu taɓa zuciya, musamman inda uwar take karanta wasiƙa. Na kwana uku a kai, na tura masa. Ya kira ni yana dariya, wai kiɗan ya yi kama da ƙarar wayar da ake yayi a da. Ban ce masa komai ba amma wallahi ranar ban iya barci ba. Sati uku ya ba ni, ɗaya ya riga ya wuce.

Bara na taɓa sayen wani rumbun bayolin (tarin sautukan bayolin da aka ɗauka don a riƙa kiɗa da su a kwamfuta) lokacin rangwame, daga wani ƙaramin kamfani da ba sai na faɗi sunansa ba. In na buɗe shi sai ya rubuta DEMO, in yi ta aiki, can sai sauti ya ɗauke. Tun lokacin yana nan ajiye.

Abin da nake dubawa yanzu guda uku ne: rumbun BBC Symphony Orchestra na kamfanin Spitfire, babban cikinsu wato Professional, ko Cinematic Studio Strings, ko in shiga biyan wata-wata na EastWest. Kullum sai in kai ƙarfe uku na dare ina sauraron kiɗan tallarsu, kowanne na ji sai in ce shi ne. Wanne zan ɗauka?

Malam Shiru:

Wa alaikumus salam. Kafin kowa ya ce maka sayi wannan ko wancan: RAM ɗin kwamfutar, wato ma'ajiyar da take ɗora abin da take aiki da shi nan take, nawa ne? Faifan SSD mai sauri ne a ciki ko HDD mai juyawa, kuma sarari nawa ya rage? Da wace manhaja kake aiki? Kibod na kiɗa gare ka ko da linzami kake zana nota?

Baban Sitidiyo:

Ƙanina, zauna in gaya maka gaskiya, shekarata 15 a wannan harka. Duk abubuwan nan uku da ka lissafa ajiye su gefe. Ka sayi cikakken Kontakt, manhajar da ake buɗe rumbunan sauti da ita, magana ta ƙare.

Wancan rumbun da ka ce yana rubuta DEMO lafiyarsa ƙalau, kai ne ba ka karanta ba kafin ka biya. Kontakt iri biyu ne. Akwai Kontakt Player na kyauta, akwai cikakken na kuɗi. Kamfanin da yake so rumbunsa ya yi aiki a na kyautan sai ya biya Native Instruments, masu Kontakt, kuɗin lasisi, shi ya sa ƙananan kamfanoni da yawa ba sa yi, sai su rubuta a ƙasan shafi cewa sai da cikakken Kontakt. In ka ɗora irin wannan a Player, minti 15 zai ba ka ya yi shiru. Ka ga ke nan ranar da ka sayi cikakken, kuɗinka na bara sun dawo da rai, ga kuma ƙofa ta buɗe maka ta dubban rumbuna. Tun 2002 Kontakt yake, duk wani sabon abu da ya zo ya same shi ne a nan. Wanda ba shi da shi bai fara sana'ar ba tukuna.

Anti Mai Fiyano:

Haba Baban Sitidiyo, yaro yana da sati biyu da kuɗin abu ɗaya, ka ce ya kashe su a kan tukunya ba tare da abin zubawa a ciki ba? Kuma biyu daga cikin abin da ya lissafa ko hanya ba su haɗa da Kontakt ba: na BBC da manhajar Spitfire yake aiki, na EastWest da tasu mai suna Opus. Ɗayan da ya rage kuwa yana tashi a Player na kyauta.

Ɗan Koyo, kada ka sayi komai a makon nan. Akwai ƙaramin na BBC ɗin mai suna Discover, kyauta ne, bai kai ko rabin giga ba, kuma makaɗan nan ne dai aka ɗauka a sitidiyon Maida Vale da ke Landan. Sauke shi yau, ka sake yin sin ɗin wasiƙar da shi, ka turo mana nan mu ji. Ina da yaƙinin ba rumbu ne matsalarka ba. Bayolin ba fiyano ba ne da za ka danna ka saki. Mai jan baka yana farawa a hankali, ya ƙara ƙarfi a tsakiya, ya sassauta a ƙarshe, kamar numfashi. A kwamfuta ɗan wilin nan na gefen hagun kibod ne yake yin wannan aikin, wanda ake kira CC1, sai CC11 da ke rage ko ƙara ƙarar gaba ɗaya. In ka bar su a tsaye wuri ɗaya, ko rumbun da ya fi kowanne tsada a duniya ka sa, ƙarar waya za ka ji.

Ɗan Koyo:

Na gode Anti. Amma gaskiya na gaji da kayan kyauta, shekara huɗu su nake amfani da su, su ne ma suka jawo mini wannan dariyar. Kuma kunnena ba ya yaudarata, na san bambancin abin da nake ji a tallar Professional da abin da ke fita daga kwamfutata. Baban Sitidiyo, na karanta shafin a lokacin, rubutun ne ƙanana ƙwarai.

Malam Shiru:

Ba ka ba ni amsa ba. RAM nawa?

Baban Sitidiyo:

Yauwa ƙanina, ka fi ta gane hanya. Discover abin wasan yara ne, ko legato babu a ciki. Ka san mene ne legato? In mai bayolin zai tashi daga wata nota zuwa wata ba tare da ya ɗaga baka ba, akwai ɗan sautin zamewar yatsa a tsakani. Manyan rumbuna sai sun zaunar da makaɗa sun ɗauki wannan zamewar ɗaya bayan ɗaya, daga kowace nota zuwa maƙwabtanta sama da ƙasa, shi ya sa suke da nauyi da tsada. Sin ɗin uwa tana kuka da wasiƙa ai duk legato ne. Ta ina zai fitar da hawaye da abin da ba shi da shi? Hajiya, fiyano kika sani, ki bar mana zancen bayolin.

Anti Mai Fiyano:

Na yarda babu legato a ciki, ban ce ya miƙa fim ɗin da shi ba. Cewa na yi ya gwada hannunsa. In dogayen notocin ba su yi numfashi a na kyauta ba, ba za su yi a na kuɗi ba. Zancen in bar muku bayolin kuwa, Allah ya ba ka haƙuri, ban san an raba gado ba.

Sarkin Ganga:

Ni dai duk wannan magana ta tuna mini da abin da ya same ni. Wani mawaƙi ya zo wurina ya ce gangar da nake sa masa ba ta da rai, wai kamar bindiga mai sarrafa kanta. Kuma da gaskiyarsa, don samfur ɗaya ne, wato bugu ɗaya da aka ɗauka, yake ta maimaituwa, ta-ta-ta-ta, babu bambanci. Na je na sayi babban rumbun ganga mai karɓa-karɓa, wato abin da suke rubutawa round robin, inda aka ɗauki bugu ɗaya sau da yawa, in ka maimaita sai ya riƙa canza maka. Kwana huɗu ina sauke shi. Na sake yi masa waƙa shida daga farko. Ya karɓa, ya ce madalla, ya tafi. Yau wata tara ke nan, ko sisin kwabo. In na kira ya ce yana hanya. Waƙoƙin kuma suna nan ana jin su, ko sunana bai sa ba.

Saboda haka tambayata gare ka ɗan'uwa: abokin nan naka biyanka zai yi? Don in aikin zumunci ne, kada ka taɓa ajiyarka saboda shi.

Ɗan Koyo:

Allah ya fitar maka da haƙƙinka. Ni ba mu yi maganar kuɗi ba, amma ba irin wannan mutumin ba ne, tare muka taso. Kuma ba don shi kaɗai zan saya ba, jari ne na gaba.

Gajiyayye:

Ni na biyan wata-wata zan ja maka kunne a kai. Ba wanda ka ambata ba, wani kamfanin ne daban, amma tsarin ɗaya ne. Shekara biyu ina biya, sai abubuwa suka ɗan tsaya mini na dakatar. Bayan wata uku wani da na yi wa aiki ya dawo yana so a rage tsawon kiɗan da daƙiƙa 20. Na buɗe aikin, layi goma sha ɗaya duk sun yi tsit, ba lasisi. Dole na sake biyan wata guda don gyaran minti biyar. Haya haya ce, ranar da ka daina biya za a fitar maka da kayanka waje. Duk wanda zai bi wannan hanyar, ya juye kowane layi zuwa sauti ya ajiye kafin ya rufe aiki, ni ban yi ba na gani a ƙwaryata.

Mai Sarewa:

Ni kuwa a ganina hayar ce daidai da shi. Sati biyu ya rage masa. Ya biya wata ɗaya, ya sauke bayolin da calo kawai daga Hollywood Orchestra na EastWest, ya gama fim, ya juye komai zuwa sauti kamar yadda ka ce, ya dakatar. Ajiyarsa tana nan ba ta girgiza ba. Wanda ya saya kuwa ya saya ke nan, yawancin kamfanonin nan ba sa mayar da kuɗi in ka riga ka sauke, da yawa kuma lasisinsu bai yarda ka sayar wa wani ba. Sai dai ya sani zai buɗe asusun iLok, inda ake ajiye lasisin.

Baban Sitidiyo:

Haya! Mai sana'a yana hayar kayan aikinsa? Ku bar ruɗa yaro.

Malam Shiru:

Ɗan Koyo, karo na uku ke nan.

Ɗan Koyo:

Yi haƙuri Malam, ban ga saƙon ba ne. RAM giga 8 ne. Faifan giga 500, ina jin HDD ne don ina jin ƙararsa in yana aiki, saura wajen giga 90. FL Studio nake amfani da shi. Kibod ina da ƙarami amma ya daina haɗuwa tun bara, da linzami nake zanawa, kuma na ƙware a hakan sosai, na fi sauri da shi ma. Kwamfutar ba ta taɓa ba ni matsala ba, tana da ƙarfi.

Malam Shiru:

To ai ga amsar nan. Professional ɗin da kake so ya haura giga 600. Ko ka share komai har da Windows ba zai shiga faifanka ba.

Bari in nuna maka inda nauyin yake fitowa. Minti ɗaya na sauti a 48 kHz, bit 24, kunne biyu, wajen megabayit 17 ne in ba a matse shi ba. Yanzu ka ɗauki nota ɗaya ta bayolin. An ɗauke ta a hankali, an ɗauke ta tsaka-tsaki, an ɗauke ta da ƙarfi. An ɗauke ta doguwa, an ɗauke ta gajera, an ɗauke ta da tsinkar yatsa, gajerun kuma kowace sau da yawa saboda karɓa-karɓar da Sarkin Ganga ya faɗa. Sannan duk wannan a ninka shi da yawan makirufo: na kusa da makaɗi, na saman kan madugu, na can ƙarshen zaure, da sauransu. Yawancin abin da ya sa Professional ya fi BBC ɗin na tsakiya nauyi makirufon nan ne. Kai da ko wili ba ka fara juyawa ba, me za ka yi da su?

Sai RAM. Manhajojin nan ba sa ɗora samfur gaba ɗaya, kan kowane samfur suke ɗorawa a RAM, sauran su riƙa jawo shi daga faifai lokacin da kake kiɗa. Shi ya sa abu biyu suke aiki tare: in faifan mai juyawa ne ba ya kawowa da wuri, sai ka ji sauti yana tsinkewa ko yana ƙas-ƙas, in ka ce a ƙara abin da ake ɗorawa don a huta da faifan, RAM ya cika. A giga 8 ɗinka Windows da FL Studio sun riga sun ci wajen rabi kafin ka buɗe komai. Ba ta taɓa ba ka matsala ba ne don ba ka taɓa ɗora mata kaya ba.

Da ni ne kai, ga yadda zan raba kuɗin: SSD, ƙarin RAM zuwa 16 in allon kwamfutar ya yarda (wasu a manne yake, duba tukuna), a gyara kibod ko a samo mai wili. Abin da ya rage, in ya kai, BBC ɗin na tsakiya mai suna Core. Bai kai giga 30 ba, yana da legato, kuma ana iya ɗaukaka shi zuwa babban daga baya. In kibod bai samu ba, CC1 ɗin ma ana zana shi da linzami a ƙasan inda kake zana nota, sai dai ya fi cin lokaci.

Ɗan Koyo:

Malam na fahimta, amma in na kashe kuɗin a SSD da RAM ai sautin bai canza ba, abokina zai sake jin abin da ya ji ne. Kuma na ga ana sayar da faifan waje mai tera ɗaya, ba sai in sa shi a can ba? Na kuma karanta cewa ana daskarar da layi ɗaya, wato a juye shi zuwa sauti don RAM ya huta, a buɗe wani. Ni ba na son in sayi na tsakiya in dawo ina da-na-sani, gara in yi mai gaba ɗaya.

Malam Shiru:

Faifan waje zai yi in SSD ne kuma ramin USB 3 ka sa shi. In mai juyawa ne ka ƙara wa kanka jira. Daskarar da layi yana aiki, amma duk gyaran da darakta ya nema sai ka narkar, ka gyara, ka sake daskarewa. Da sati biyu a hannu.

Baban Sitidiyo:

Duk lissafin nan na Malam daidai ne amma ya bar babban abu. Ɗakin da aka ɗauki sautin, shi kake saye, ba bayolin ba. Rumbunan Spitfire da yawa a AIR Lyndhurst aka ɗauke su, tsohon coci ne a Landan, amsa-kuwwarsa a manne take da samfur, ba ka isa ka cire ta ba. Orchestral Tools a Teldex na Balin suke ɗaukar nasu. Mutanen Vienna Symphonic Library kuwa tsofaffin rumbunansu a busasshen ɗaki suka ɗauka da gangan, mai suna Silent Stage, don kai ka sa irin amsa-kuwwar da kake so. Fim ɗin ɗaki ne, uwa ɗaya da wasiƙa, ka kawo mata makaɗa sittin a cikin zaure? Zai yi kamar an sa wa jariri babbar riga. Abin da yake buƙata calo ɗaya tilo da fiyano mai laushi. Na sha faɗa a zauren nan, yaran yanzu girma suke bi ba dacewa ba.

Anti Mai Fiyano:

To yau dai mun haɗu a wuri ɗaya. Amma ɗazu ba Kontakt ka ce ya saya ba, magana ta ƙare?

Baban Sitidiyo:

Har yanzu shi na ce. A cikinsa zai samu calon.

Mai Sarewa:

In calo ɗaya ne ai ba sai an je nesa ba. Orchestral Tools suna sayar da kayan kiɗa ɗai-ɗai a manhajarsu ta SINE, ba dole ka ɗauki rumbu gaba ɗaya ba, manhajar kuma kyauta ce. Fiyano mai laushi kuwa ya leƙa Pianobook, mutane ne suke ɗaukar kayan kiɗansu su raba kyauta, da yawa suna tashi a Decent Sampler wanda shi ma kyauta ne.

Anti Mai Fiyano:

Ko kuma Pianoteq in fiyano ne. Shi ba samfur ba ne sam, lissafi yake yi ya ƙirƙiro sautin nan take, shi ya sa girmansa gomman megabayit ne kawai, RAM ɗinka ba zai ma san an buɗe shi ba. Akwai na gwaji, wasu 'yan notoci ne aka kashe a ciki. Ni da shi nake aiki kullum.

Baban Sitidiyo:

Roba. Kunnena yana gane shi daga nota ta biyu.

Ɗan Koyo:

Manya ku yi haƙuri, kun ƙara rikita ni. Da abu uku na zo, yanzu sun zama tara. Kuma ba wanda ya ce komai a kan Cinematic Studio Strings. Darakta bayolin masu yawa ya ce yana so, ba calo ɗaya ba, ya ma turo mini misalin da yake nufi.

Gajiyayye:

Wannan yana da daɗi ƙwarai, a Sidni ta Ostireliya aka ɗauke shi, sautinsa mai duhu-duhu, ya dace da baƙin ciki. Amma ka san halinsa kafin ka shiga: legatonsa yana da jinkiri da gangan, in a hankali ka danna yakan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa kafin sabuwar nota ta fito sosai, don an bar zamewar yatsan yadda take. Kai mai zanawa da linzami sai ka riƙa jan notoci baya, kuma jinkirin yana canzawa da ƙarfin dannawa. Ana sabawa, amma ba a kwana biyu ba. Kuma bayolin da danginsa ne kawai a ciki, ranar da aka ce maka ƙaho ko sarewa sai sabon saye.

Autan Zaure:

Yayyena ni ban gane wahalar da kuke sha ba, ai duk waɗannan akwai inda ake samunsu ba ko kwabo. Yaya Ɗan Koyo yi mini magana ta gefe.

Mai Kula da Zaure:

Auta, na goge adireshin da ka sa. Dokar zaure ta hana, wannan ne gargaɗi na ƙarshe. A ci gaba da magana a kan abin da aka tambaya.

Sarkin Ganga:

Ka kyale shi ya sa, ya ga yadda kwamfuta take mutuwa ana tsakiyar aikin mutane. Ni dai har yanzu ina kan bakata, a yi maganar kuɗi da daraktan nan tun yanzu. Mutumin da na gaya muku ma jiya na gan shi ya sa sabon hoto a sitidiyon wani.

Anti Mai Fiyano:

Ɗan Koyo, abu ɗaya nake roƙonka. Kiɗan tallar da kake kwana kana ji, ƙwararru ne suka yi shi, sun rubuta shi daidai da inda rumbun ya fi ƙarfi, sun kauce wa inda yake da rauni, sannan aka yi masa miksin na gani na faɗa. Nemi bidiyon da wani yake danna sautukan ɗaya-ɗaya ba kwalliya, shi ne abin da za ka samu ranar farko. Sannan turo mana sin ɗin nan yadda yake yanzu. Minti ɗaya ya isa. Wataƙila ma notocin ka cusa wuri ɗaya kamar mai danna fiyano da hannu biyu, alhali bayolin na ɗaya, na biyu, biyola, calo da bas kowa layinsa daban yake bi.

Ɗan Koyo:

Anti ba zan iya turowa ba, fim ɗin bai fita ba, amana ce. Amma tsarin notocina ba shi da matsala, mutane da yawa sun yaba. Na duba, RAM ɗin ana iya ƙarawa, akwai rami ɗaya a buɗe. Sai dai in na ƙara shi na sayi faifan waje, kuɗin ba za su kai Professional ba sai in an yi rangwame, kuma na ji an ce sai ƙarshen Nuwamba ake babban rangwamen. Fim kuma ba zai jira ba. Na sa shi a kwandon saye na shafin tun jiya ban dai danna ba. In na roƙi yayana ya cika mini fa? Ko in sayi rumbun yanzu, RAM ɗin daga baya?

Malam Shiru:

Rumbun da ba shi da wurin zama a ina za ka sauke shi?

Baban Sitidiyo:

Na faɗa tun farko ba a ji ba. Kontakt. In ka dawo nan da wata shida za ka ce na gaya maka.

Mai Sarewa:

Wata ɗaya na haya, ɗan'uwa. Wata ɗaya kawai.

Ɗan Koyo:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Zan yi tunani zuwa gobe. Amma don Allah wanda ya taɓa ɗora Professional a giga 8 ya yi magana, ko da makirufo ɗaya ne, ina so in ji daga bakin wanda ya gwada da kansa.

Sabon Shiga:

Salam. Ku yi haƙuri na shigo tsakiyar magana. Ni ma nawa yana rubuta DEMO ɗin nan, amma ni na tabbata na Player na saya, har lambar lasisi suka turo mini. Ina ake sa ta?

Anti Mai Fiyano:

A Native Access, manhajar lasisi ta masu Kontakt, za ka sa ta, sannan ka rufe manhajar ka sake buɗewa. Ɗan Koyo, kwana huɗu ke nan, ya aka ƙare da sin ɗin wasiƙar?